VFD ta yi min rana, amma sai da na yi asarar moto ɗaya

Wata biyar ke nan da na ɗaura wa injin surfen accata VFD, ƙaramin akwatin nan da ke karɓar wuta layi ɗaya ya fitar da layi uku, ya kuma ba ka damar ƙara wa moto gudu ko rage masa. Shagona yana wajen Katako a nan Jos, kuma masu sana'a sun san layi uku ba kowa ke samu ba. Motona mai kilowat 2.2 ne, wanda muke ce wa doki uku. Mai kayan wutar da na saya a wurinsa ya ce in ɗauki na'ura mai kilowat 4 don ta samu sarari, ya kuma haɗa ni da yaronsa ya zo ya ɗaura.

Makon farko har kiran maƙwabta nake yi su zo su gani. Da can in na tayar da tsohon moto sai janareta ya yi nishi, ƙwan fitila ya dushe, domin moto in ya tashi kai tsaye yakan ja wuta ninki shida ko bakwai na abin da yake ci a bakin aiki. Yanzu a hankali yake ɗagawa cikin daƙiƙa goma, bel ba ya tsalle. Ga shi acca ƙwayarta ƙanana ce, ba ta son garaje, sai na riƙa murɗa lambar gudu da ke jikin na'urar daga 50 in sauke ta zuwa 20, hatsi ya fito tas ba kari.

Ranar wata Alhamis a mako na uku, ina tsakiyar buhun wata baiwar Allah da ta taso tun daga Bukuru, sai na ji ƙauri. Na ɗauka bel ne. Na kai hannu jikin moto, wallahi sai da na yarfe yatsu. Kafin in kai ga makunni hayaƙi ya fara fita ta ramukan murfin baya, ita kuwa na'urar lambarta na nan tana haske, ba ta tsaya ba, ba ta nuna komai ba. Matar nan ta kwashe accarta rabi surfaffe rabi da ƙaiƙayi, ta ce, "Allah Ya mayar da alheri, Malam." Har yau ban sake ganinta ba, kuma wannan ya fi kuɗin gyaran ci min rai.

Na kai moton Dilimi wurin wani dattijo mai naɗin koyil. Ya buɗe, waya ta yi baƙi ƙirin ko'ina. Ya ce, "Ɗana, a nawa kake gudanar da shi?" Na ce 20. Ya nuna min fankar da ke bayan moton, ya ce ai a kan sandar moton take, tare suke juyawa. Moton da aka yi don ya juya wajen sau 1,400 a minti, in ka mayar da shi ƙasa da rabi, iskar da ke sanyaya shi ta tafi, nauyin aiki kuwa yana nan. Sannan ya tambaye ni wa ya saita min amfiya a na'urar, wato iyakar wutar da za ta bari moto ya ja. A ranar na fara jin cewa ana saita wani abu.

Washegari ya biyo ni shago. Ya kashe wuta, ya zauna a benci kusan minti goma kafin ya taɓa komai, ya ce kafasitocin cikin na'urar, wato ma'ajiyar wutarta, suna riƙe wuta sama da bolt 300 ko bayan an kashe. Da ya mayar da wuta ya latsa maɓallan sai ga shi: farantin motona ya rubuta amfiya 8.7 a kan bolt 220, na'urar kuwa tana kan lambar da ta zo da ita daga kamfani, kusan ninki biyu. Wato tana gadin moton da ya fi nawa girma, nawa yana dahuwa ita a ganinta lafiya lau. Aikin minti biyu ne yaron nan bai yi ba.

Abin da yaron ya yi daidai shi ne haɗin delta a akwatin moto, wato yadda ake haɗa wayoyinsa don ya yi aiki da bolt 220, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Sauran kuwa sai a hankali. Ya sa makunni tsakanin na'ura da moto, abin da Baba mai naɗin koyil ya ce ko shi kaɗai zai iya fasa na'urar in an ɗaga shi tana aiki. Babu wayar ƙasa. Wayar da ya ja ta wayarin ɗin gida ce. Ashe shi ya sa telan da ke kusa da ni yake ƙorafin rediyonsa na shuu duk lokacin da na tayar da inji. Baba ya cire makunnin, ya ja waya mai rigar ƙarfe daga bakin na'urar, inda aka rubuta U, V, W, zuwa moto, ya kafa sandar ƙasa, ya hana lamba sauka ƙasa da 30, ya canza min fuli don in samu sanyin gudun da nake so. Ya ce kafin damina in sa abin tare tsawa, kowa ya san aradun Jos.

Tun daga nan moto ɗumi kawai yake yi, kuma gaskiya ba zan koma tsohon tsari ba. Amma da na koma wa mai shagon, cewa ya yi, "Alhaji, mu sayarwa muke yi, ai akwai littafi a kwali." Littafin da rubutunsa sai da gilashi, ba Hausa ko layi ɗaya. A ciki ne ɗana ya karanto min cewa in wuri ya haura mita 1,000 a tudu ƙarfin na'urar yana ɗan raguwa, Jos kuwa tana wajen mita 1,200. Wanda yake sayar da ita a garin bai taɓa ambata ba.

Kuma fankar na'urar tana zuƙar ƙura kamar me. Da hunturu ya haɗu da garin acca, sau biyu tana tsayawa don zafi ina tsakiyar aikin mutane. Yanzu duk Asabar sai na kashe wuta, na jira mintina goma, na bi ramukanta da buroshi kafin in buɗe shago.