Gwajin ruwa na ICP: yadda ya gano abin da ke kashe mini murjani

Shekara 4 ke nan da na kafa tankin ruwan teku a falona a nan Katsina. Lita 400 yake ci, da kifi 7, da murjani iri-iri da na yi ta tarawa daga Legas. Ranar da Hajiyarmu ta fara ganinsa na ce mata murjani ne, sai ta ce, "Kai ɗan nan, murjanin da muka sani ja ne, a wuya ake sa shi." Na ce, "Hajiya, ai danginsa ne. Jan nan daga Bahar Rum ake ciro shi, kuma shi ma da ransa kafin a fere shi." Mutane da yawa suna ɗauka dutse ne ko tsiro, alhali ƙananan dabbobi ne, da wani gansakuka ɗan mitsitsi zaune a cikin namansu yana haɗa musu abinci daga haske. In abu ya dame su sai su kori gansakukan su yi fari fat, in damuwar ta daɗe naman ya saɓule ya bar ƙashi.

Tankin ya zauna daram shekara 3 da rabi. Matsala ta faro ne a watan Fabrairu, kuma ba ta wurin murjanin ta faro ba. Dodon koɗin da ke goge mini gilashi ne suka fara faɗowa ƙasa, su kwanta a bayansu, su kasa juyawa. Na tsince 5 a mako guda. Jatan lande biyun da nake da su suka bi. Sannan wata Acropora (wani irin murjani mai rassa) mai launin shuɗi, wadda na raina tun tana kamar ɗan yatsa har ta kai faɗin faranti, ta fara yin fari daga gindi. Kullum da asuba bayan na dawo masallaci sai in haska ta da tocila, in tarar farin ya ƙara hawa sama kamar faɗin farce. Ranar da na ciro reshe guda, naman ya biyo yatsana kamar jiƙaƙƙiyar takarda, ga wani wari irin na kifin da ya kwana. Su kuwa kifayen lafiyarsu ƙalau, suna cin abinci har da rububi.

Kamar kowa a garin nan, zafi na fara tuhuma. Murjani yana son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu sai zafin gari ya haura 40. Amma ina da na'urar sanyaya ruwa a kan sola, kuma ma'aunin zafi biyu daban-daban sun nuna 26. Na koma kan gishiri. Na gyara saitin na'urar auna shi da ruwan gwaji, na auna na tankin, ta nuna gishirin daidai wa daida. Sauran sinadaran ruwan da nake aunawa a gida ma ba su motsa daga inda na san su ba. Na tsoma rassan cikin maganin ƙwari na karkaɗe a farin kwano, ban ga tsutsa ko ɗaya ba. Na buɗe injinan da ke kaɗa ruwa na duba ko maganaɗisunsu ya tsage ya yi tsatsa, babu. Na canza ruwa kashi 20 cikin 100 har sau biyu, abin mamaki sai ɓarnar ta ci gaba kamar ban yi komai ba. A nan ne hankalina ya tashi sosai, don canjin ruwa shi ne maganin da ba ya ba mai tanki kunya.

Sai na yanke shawarar aika ruwan zuwa wani ɗakin gwaji a Jamus, cikin masu yin gwajin da ake kira ICP. Wani abokina da ke harkar a Legas ne ya aiko mini da kwalin a mota. A ciki akwai 'yan kwalaben roba, da takarda mai lamba da za ka yi rajista da ita a intanet, da ambulan na mayarwa. Za ka ɗauraye kwalbar da ruwan tankin, ka cika ta, ka rufe da kyau. Akwai kuma kwalba ta daban ta tataccen ruwan da kake ƙarawa a tanki. Har na so in bar ta, don na'urar TDS, mai auna abin da ya narke a cikin ruwa, kullum sifili take nuna mini, amma tunda an biya kuɗinta na cika ta ita ma. Alhamdulillahi da na yi hakan.

Yadda gwajin yake kuwa, ana fesa ruwan ne cikin harshen iskar argon mai zafin dubban digiri. Kowane sinadari in ya sha wannan zafin yana fitar da haske mai launin kansa, na'urar ta karanta hasken ta faɗi ko mene ne da kuma yawansa. Tana iya kama abin da bai wuce maikurogiram ɗaya ba a cikin lita, wato kashi ɗaya cikin biliyan. Kayan gwajinmu na gida masu ɗiga magani a duba launi ba su kai nan ba.

Sakamakon ya zo da sinadarai sama da 30 a jere, kowanne da alamar kore ko ɗorawa ko ja. Biyu ne suka yi ja: jan ƙarfe da tutiya. Jan ƙarfe a tankin ya kai maikurogiram 19 a lita, alhali a tsakiyar teku bai cika kai 1 ba. Da na duba shafin tataccen ruwana sai na ga 60. Ashe gubar tana cikin ruwan da nake zubawa da hannuna kowace safiya, har da wanda na haɗa gishiri da shi na yi canjin ruwa sau biyu. Nan take na fahimci abin da ya sa kifayen ba su nuna komai ba. Da jan ƙarfe ake yi wa kifin teku maganin cutar farin ɗigo, a kan maikurogiram 150 zuwa 200 a lita, kuma suna jurewa. Dodon koɗi da jatan lande da murjani kuwa, ɗan kaɗan ya ishe su. Da na san haka tun farko, faɗuwar dodon koɗin nan ta isa ta nuna mini hanya.

Takardar ta faɗi abin da ke cikin ruwan, amma ba ta faɗi ta ina ya shiga ba. Wannan aikina ne. Na bi bututun tun daga na'urar tace ruwa har zuwa durom ɗin da nake tarawa, sai ga shi: ɗan makunnin famfo na tagulla, bakinsa na ciki ya yi kore-kore. Sai na tuna a watan Disamba na robar ya tsage ina wurin aiki, maiɗakina ta kira mai gyaran famfo. Da na kira shi na tambaya, ya ce, "Wallahi Alhaji, mai ƙarko na zaɓo maka, na robar nan ba ya jure hannu." Gaskiya ya faɗa, a famfon gida tagulla ta fi, kuma ni ne ban taɓa gaya wa kowa a gidan cewa kada ƙarfe ya taɓa ruwan nan ba. Tagullar famfo haɗin jan ƙarfe ce da tutiya, tataccen ruwa kuma tunda babu komai a cikinsa, cin ƙarfe yake yi. Na'urar TDS ba za ta gani ba, don daga miligiram ɗaya a lita, wato maikurogiram dubu, take fara ƙirga.

Yanayin garinmu shi ya ƙara rura abin. Da hunturu iska a bushe take, da bazara ga zafi ga fanka a kan ruwa, tankina yakan rasa lita 7 a rana. Ruwa ne kaɗai ke tashi, ƙarfen yana nan. Kowace rana ina ƙara sabon kaso a kan na jiya, wani ya tsaya a ruwa, wani duwatsu da yashi su shanye. Mai irin wannan tankin a Legas, inda iska ke da laima, da ya fi ni daɗewa kafin ya ga ɓarna.

Inda gwajin ya gaza a wurina shi ne lokaci. Daga ranar da na cika kwalba zuwa ranar da sakamako ya fito kwana 24 ne, mafi yawansu a hanya, kuma kuɗin aikawa daga nan ya fi kuɗin gwajin kansa. A cikin kwanakin nan na rasa murjani biyu irin Montipora da rabin Acropora ɗin nan. Bayanin yana zuwa da Turanci ko Jamusanci, a ƙasa kuma akwai jerin shawarwarin a ƙara wannan sinadari a ƙara wancan, waɗanda na ga sun fi karkata ga sayar da kayansu. Na bar su, na tsaya kan abin da ya yi ja. Haka kuma gwajin ba ya ganin ƙwayar cuta, ko ƙwari, ko maganin sauro da aka fesa a falo, ko ruwan da ya yi zafi da tsakar dare bayan batir ya ƙare. Wanda bai fara duba waɗannan ba ya aika ruwa Jamus, yana iya samun takarda kore shar murjaninsa na ci gaba da mutuwa.

Duk da haka, ga wanda tankinsa ya daɗe lafiya, ma'aunansa na gida duk daidai, canjin ruwa kuma bai yi amfani ba, ina ba shi shawarar ya aika tun da wuri, kada ya yi jiran mako 6 kamar yadda na yi. Kuma ya cika kwalbar tataccen ruwan, daga inda yake ɗiba, ba daga bakin na'urar tacewa ba.

Na sa makunni na roba, na zubar da ruwan durom ɗin na wanke shi, na sa gawayin tace ruwa da audugar Poly-Filter, wadda cikin kwana 3 ta juye shuɗiya, alamar jan ƙarfen da take kamawa. Na ci gaba da canza kashi 15 duk mako har wata biyu, saboda duwatsun suna sakin abin da suka sha a hankali. Gwaji na biyu a watan Yuli ya nuna jan ƙarfen ya sauka zuwa maikurogiram 2 a lita. Na yanke rassan Acropora ɗin da suka tsira guda 4 na manna su a kan sabon dutse, 3 sun kama, har fararen tsinin sabon toho sun fito. Na mayar da dodon koɗi 6 makon jiya, kuma zuwa safiyar yau duk suna manne da gilashi.