AK-47 da M16, wacce ta fi? Da zancen dogayen benayen Larabawa

Ƙanena, tambayar da ka jefo jiya da dare ce na ce bari in zauna in amsa da kyau, don na ga an yi ta musu har dare ya raba kuma ba wanda ya kawo hujja sai "wallahi haka na ji an ce". Ka ce tsakanin AK-47 da M16 ta sojan Amurka wacce ta fi, kuma in har Amurka ta fi Rasha fasaha mi ya sa AK ce ta cika duniya. Daga nan wani ya ɗoro hoton Burj Khalifa, dogon benen nan na Dubai, ya ce ko harsashin AK na iya kai ƙololuwarshi, zance ya koma na benaye. Tau duk zan taɓa, amma bindigogin tukuna.

AK aikin Mikhail Kalashnikov ne, sojan tankar yaƙi na Tarayyar Sobiyat wanda anka ji ma rauni a 1941 lokacin yaƙi da Jamus. 47 ɗin nan shekarar samfurin ce, 1947, sojansu sunka karɓe ta a hukumance a 1949. Ita ko M16 daga hannun wani injiniya Eugene Stoner ta fito a kamfanin ArmaLite ƙarshen shekarun 1950, daga baya Colt ya sayi haƙƙin ƙera ta, sojan Amurka sunka shiga yaƙin Biyetnam da ita. Tun daga nan za ka gane kowane da irin sojan da ke cikin ranshi. Kalashnikov ɗan ƙauye yake tunani, wanda anka ɗebo daga gona anka koya mishi harbi cikin ɗan lokaci, zai kwana cikin taɓo da ƙanƙara ba mai kawo mishi man goge bindiga. Stoner kuwa ya fito daga harkar ƙera kayan jirgin sama, aluminiyam da roba ya sani, rashin nauyi da saiti su ne damuwarshi.

Babban bambancin na cikin ciki ne. Duk biyun da hayaƙin albarushi suke aiki, wato in an harba wani kaso na iskar da ta tura harsashi ita ke komo da ƙarfen ciki baya ya tofar da kwanso ya ɗauko sabon harsashi. A AK iskar na bugun wani fistin ne can gaba, dattin bai cika isowa inda sassan ke motsi ba, kuma da gangan anka bar 'yar rata tsakanin ƙarafan, shi ya sa in an girgiza ta kake jin kwaram-kwaram kamar ta lalace alhali lafiyarta lau, yashi da ƙura suna samun wurin zama ba su hana ta aiki. A M16 iskar ta cikin siririn bututu take biyowa har cikin cikinta, sassan kuma sun matse da juna tsaf, tau saiti ya yi kyau amma tana son wanka da mai a kai a kai. Kamar dai tsohuwar Pijo 504 da sabuwar Marsandi ce a hanyar Ɗansadau da damina, kowa ya san wacce ta fi daɗin zama, kowa kuma ya san wacce bakaniken ƙauye zai iya tayarwa.

Wannan abin ya ci rayukan sojan Amurka a Biyetnam. An canza irin albarushin da ke cikin harsashin ba tare da an gyara bindigar ta dace da shi ba, an raba ta ba isassun kayan gogewa har ana ce ma soja ai ita ke wanke kanta, ga daji mai laima, sai ta riƙa cijewa ana tsakar musayar wuta. Sai da majalisar dokokinsu ta kafa kwamitin bincike a 1967, anka gyara anka fito da M16A1. Baƙin sunan da ta yi a lokacin shi ne har yau mutane ke maimaitawa, amma gaskiya M4 da sojansu ke riƙewa yanzu, wadda ƙanwar M16 ce gajera, ta wuce wancan zamanin nesa ba kusa ba. In ana goge ta tana aiki.

Harsashi kuma nan ne musun ku ya fi zafi. Na AK shi ne 7.62x39, wato kaurin kan milimita 7.62 tsawon kwanson milimita 39, gajere mai kauri, kan da ke fita ya kai wajen giram 8, gudunshi kamar mita 715 a daƙiƙa. Na M16 5.56x45 ne, siriri, nauyin kan wajen giram 4 amma gudun ya haura mita 900 a daƙiƙa. Mai nauyin ya fi ratsa katako da ganye da siririn bango, amma da ya yi nisa sai ya fara faɗuwa, kuma shina dukan kafaɗa. Siririn ya fi miƙewa, bai naushin mai harbi sosai, kuma soja zai ɗauki harsasai da yawa a nauyi ɗaya, abin da ba ƙaramin lamari ba ne ga mai tafiyar kasa wuni guda. A littafin soja AK mita 300 zuwa 400 ake ba ta, M16A2 kuwa 550. Magazin dai duk 30 suke ci yanzu, kodayake M16 ta fari da 20 ta fara.

Ga abin da masu kare AK ba su so a faɗa: Rashawan da kansu sun bi sahun Amurka. A 1974 sunka fito da AK-74 mai ƙaramin harsashi 5.45. Wato a zancen harsashi Stoner ya yi gaskiya, a zancen injin ciki Kalashnikov ya yi gaskiya. Yanzu ma abin ya sake juyawa, a 2022 sojan ƙasa na Amurka sunka zaɓi sabuwar bindiga ta kamfanin SIG Sauer mai harsashi 6.8, don sulken zamani ya fara gagarar ƙaramin.

Wani abu kuma, yawancin abin da muke kira AK-47 a nan ba ita ba ce ta asali. Ta farin nauyi gare ta, ta haura kilo 4. A 1959 anka fito da AKM wadda jikinta farantin ƙarfe ne da anka lanƙwasa, ta fi sauƙin nauyi ta fi arha, kuma ita ce da irin ta Sin da ake kira Type 56 da na Romaniya da Bulgeriya sunka bazu ko'ina. Ka lura da ta hannun jami'in da ke shingen hanya in kunka tsaya, katakon ƙotar ya yi sulɓi ya koma baƙi saboda zufa, fentin ƙarfen ya goge har farin ya fito, wani lokaci an naɗe magazin da salatif, igiyar ratayawa ma ba tata ba ce. Mai yiwuwa ta girmi mai riƙe da ita, kuma in an taɓa kunamar za ta amsa.

Tau mi ya sa ta cika duniya? Inganci kaɗai bai isa ba, siyasa ce. Lokacin yaƙin cacar baka Sobiyat ta ba ƙawayenta izinin ƙerawa, ta riƙa rabawa ga ƙungiyoyin neman 'yanci, har yau hoton AK na kan tutar Mozambik. Ana ƙiyasin an ƙera kusan miliyan 100 na dangin Kalashnikov, dangin M16 na soja kuwa wajen miliyan 8 ake maganar su. Ko mu nan Najeriya, ma'aikatar ƙera makamai ta DICON da ke Kaduna da anka kafa a 1964 ta ƙera nata samfurin mai suna OBJ-006. Kafin AK ta mamaye, sojanmu FN FAL ta Beljiyam da G3 ta Jamus sunka fi riƙewa, masu babban harsashi 7.62x51 da magazin 20, tsofaffin soja na nan da rai ka tambaye su nauyinsu.

Hukuncina ke nan, kuma kowa na iya ƙin yarda. In runduna ce mai horo da ma'ajiya da mai gyara da kuɗi, M16 da M4 sun fi, ba ma kusa ba in zancen saiti ne da ɗora tabarau na hange. In kuwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, AK ce. Kuma a nan ne zancen ke daina zama na nishaɗi gare mu mutanen Zamfara, don abin nan da ake yabon ta da shi, wato ba ta son kulawa, ba ta son ilimi, ba ta mutuwa, shi ne ya sa yaron da bai taɓa shiga aji ba ke riƙe da ita a daji ya tashi gari guda. Da irin bindigar da ke lalacewa in ba a kula da ita ba ce ta shigo bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, da damina biyu ta wadatar. Mafaraucinmu mai bindigar toka sai ya zuba albarushi ya dandaƙa da sanda ya harba sau ɗaya sannan ya koma ɗuri, ɗayan kuwa talatin ke cikin magazin, ina haɗi. Shi kanshi Kalashnikov kafin rasuwarshi a Disambar 2013 ya rubuta ma shugaban cocin Rasha wasiƙa shina tambaya ko alhakin waɗanda bindigar ta kashe na wuyanshi.

Kuma don kada wani yaro a nan ya ɗauki zancen da wata fuska, dokar makamai ta 1959 ta sa irin waɗannan bindigogi cikin haramtattu ga farar hula. Ko a Yunin 2022 da gwamnatin jiha ta ce mutane su nemi lasisin bindiga don kare kai, ba ta da ikon halatta ma kowa AK, wannan hurumin tarayya ne.

Sai benaye. Burj Khalifa na Dubai mita 828 ne, hawa 163, anka buɗe shi a Janairun 2010. Alhazanmu da sunka ga benen agogo na Makka su auna, shi mita 601 ne kuma ka san yadda wuya ke ciwo in ka tsaya harabar Harami kana kallon shi. Na Jidda da ake ginawa an tsara ya haura mita 1000, an fara a 2013, aiki ya tsaya a 2018, sai farkon 2025 anka koma gadan-gadan. Abin dariyar shi ne mutum ɗaya ya zana Burj da na Jidda duka biyun, Adrian Smith, Ba'amurke, wato da kanshi yake gasa.

Mutane na zaton nauyi ne matsalar dogon bene, alhali iska ce ta fi ba injiniyoyi ciwon kai. In gini ya miƙe sambal da faɗi ɗaya, iska na zagaya shi tana yin guguwa dama da hagu a jere har ya fara rawa. Shi ya sa Burj ke da ƙafa uku, kowace na tokare da ginshiƙin tsakiya, kuma kowane reshe na tsukewa a tsawo daban yadda iskar ba ta samun abin da za ta kama ta yi ta kaɗawa. Na Jidda shi ma ƙafa uku ne, amma maimakon mataki-mataki sai ya riƙa sirancewa sumul har sama. Ko zuba kankare sai da dare anka riƙa yi a Dubai ana haɗa shi da ƙanƙara don zafi kada ya tsage shi. Sunan ma labari ne, Burj Dubai ake kiran shi har ranar buɗewa, sai anka mayar da shi na Sheikh Khalifa na Abu Dhabi wanda masarautarshi ta ceto Dubai daga bashi a 2009.

Wancan kuma mai kama da madubi da kuke ta turowa, The Line na Saudiyya, a takarda tsawonshi kilomita 170 ne, tashinshi sama mita 500, faɗi mita 200. Bidiyon na da kyau. Ni dai ba ni jera shi da Burj, don ɗaya ana kwana cikinshi shekara da shekaru ɗayan ko yawancinshi zanen kwamfuta ne. Kafin mu yi ma kowa dariya dai, NECOM House na Legas da ya daɗe shina riƙe da kambun tsawo a ƙasar nan mita 160 ne, sai ka ɗora biyar kan juna ba ka kai Burj ba, kuma a Gusau in anka ba mu bene hawa ɗari tambayar fari ita ce wa zai ba lifta wuta.

Mai tambayar ko harsashin AK na kai saman Burj, shina kaiwa har ya wuce, in anka harba shi sama tsaye nisan da yake yi ya fi mita 828 sosai. Ba ya ɓacewa can kuma, dawowa yake yi, kuma in a karkace anka harba shi da sauran gudunshi yake saukowa, shina huda kwanon rufi ya samu wanda ke kwance cikin ɗaki, unguwa biyu ko uku daga inda ake bikin.