Gargaɗi kan masu damfara da na'urar amsa kira ta Bluetooth ga tsofaffin motoci

Ina jan hankalin masu tsofaffin motoci game da wata damfara da ake yi da sunan na'urar Bluetooth, wadda ake cewa za ta ba direba damar amsa kira ta lasifikar motarsa ba tare da ya ɗaga hannu daga sitiyari ba. Buƙatar ta gaskiya ce, domin ƙasashe da dama sun haramta riƙe waya a hannu yayin tuƙi, Birtaniya ma tun 2003 ta yi hakan, alhali motocin da aka ƙera kafin wannan fasaha ta yaɗu ba su da komai sai rediyo da kaset ko faifai. Ta wannan ƙofa macuta suke shigowa.

Ni kaina an yi mini sakiyar da ba ruwa. Mai tallar da na ci karo da shi a intanet ya nuna bidiyo, an cusa 'yar na'ura a ramin kunna sigari, an murɗa rediyo zuwa wata mita, nan take kiɗa ya cika motar. Da na nuna sha'awa sai ya ja ni gefe, ya ce in bar shafin kasuwancin in tura kuɗin kai tsaye cikin asusunsa domin ya yi mini ragi. Kayan kuwa sun iso, kiɗa ya tashi kamar yadda na gani, hankalina ya kwanta. Sai da kira na farko ya shigo ina kan hanya na gane inda gizo ke saƙa: kiɗan ya ɗauke, lasifikar motar ta yi tsit, muryar mai kiran tana fitowa can ƙasa-ƙasa daga wayar da ke ajiye a kujerar gefe. Daga baya na ɓare murfin na'urar, na tarar ɗan ramin da aka zana hoton makirufo a gefensa huji ne kawai a jikin roba, ko silin waya ɗaya bai je wurin ba. Kafin in koma wa mai tallar, ya toshe lambata, kuma da yake a wajen shafin na biya, babu wanda zan kai wa ƙara.

Ha'incin ya ginu ne a kan abin da yawancin masu saye ba su sani ba, wato Bluetooth yana da ƙa'idoji daban-daban, kowace da aikinta. Wadda ke ɗauko kiɗa ana kiranta A2DP, kuma hanya ɗaya take bi, daga waya zuwa lasifika. Wadda ke ɗaukar kira ita ce HFP, ita ce ke kai murya ta kuma dawo da ita, kuma ba ta da amfani idan babu makirufo. Na'ura na iya samun ta farko ta rasa ta biyu, ta haɗu da waya lafiya lau, ta yi kiɗa mai daɗi, amma ba ta taɓa ɗaukar kira ba. Shi ya sa bidiyon waɗannan mutane kullum kiɗa yake nunawa, kuma ko sun nuna kira, ba za su taɓa jiyar da kai abin da mutumin da ke ɗaya ɓangaren yake ji ba.

Lambobin da ke jikin kwali ma tarko ne. Za a rubuta Bluetooth 5.0 ko 5.3 da manyan baƙaƙe, a ce murya za ta fi fita. Bluetooth 5.0 ya fito a 2016, kuma ƙarin nisa da saurin da ya kawo sun shafi ɓangaren da ke cin wuta kaɗan ne, irin wanda agogon hannu na zamani ke amfani da shi. Kiran HFP ta tsohuwar hanya yake bi, babbar lamba ba ta ƙara masa komai. Haka kuma sukan buga haruffan cVc, fasahar rage hayaniya da amsa-kuwwa ta kamfanin Qualcomm, wanda ya gaje ta bayan ya sayi kamfanin CSR a 2015. Buga haruffa uku a kwali ba shi da wuya, kuma mai saye ba ya ganin abin da ke ciki.

Ko na'urar da ke da makirufo na gaske, idan ta rediyon FM take aika sauti, tana da iyakarta. Tana watsawa ne tsakanin mita 87.5 zuwa 108, da ƙarfi ƙanƙane wanda a Turai doka ta taƙaita shi zuwa nanowat 50, saboda haka duk tashar da ke kusa da mitar da ka zaɓa za ta iya danne ta. Wanda ya yi maka alkawarin babu shuuu ko kaɗan a ko'ina, ya zarce gaskiya. Motar da ke da ramin AUX mai milimita 3.5, wato ramin shigar da sauti ta igiya a jikin rediyo, ta fi dacewa da na'urar da ake jonawa ta nan.

Akwai masu cewa domin amsa kira a cusa wani ɗan abu a soket ɗin OBD-II da ke ƙarƙashin sitiyari, mai ƙafa 16, wanda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996. Wannan soket na binciken lafiyar inji ne, ba shi da wata alaƙa da lasifika. Haka nan ɗan akwatin da ake cewa yana sa CarPlay, tsarin Apple na haɗa wayar iPhone da allon mota, ya yi aiki ba igiya a kowace mota, ba ya aiki sai a motar da dama tana da CarPlay ta igiya.

Mafi muni a ganina shi ne wanda zai turo maka adireshin wata manhaja, ya ce sai ka sauke ta na'urar za ta fara aiki. HFP a cikin wayarka yake tun daga masana'anta, ba ya jiran wata manhaja. Idan manhajar ta fito daga wajen rumbun Google ko na Apple, sannan ta nemi izinin karanta saƙonninka, to lambobin sirri da banki ke turo maka take nema, kuma asarar a nan ta wuce kuɗin na'ura nesa ba kusa ba.

Kafin ka biya, ka nemi a haɗa na'urar da wayarka a cikin motarka, inji yana aiki. A wayar Android, saitin na'urar da aka haɗa yana nuna maɓallin kira daban da na sauti. Idan na kira bai bayyana ba, ka ajiye ta. Idan ya bayyana, ka ba wani wayarka ya zauna a mazaunin direba, kai kuma ka fita ka kira shi da wata waya, ka saurara ko muryarka tana dawo maka, ko kuma kukan inji yana tashi idan ya taka totur. Sannan ka kashe motar ka zare makulli ka duba ko fitilar na'urar ta mutu, domin a wasu motoci ramin kunna sigari ba ya ɗauke wuta, kuma na'urar da aka bari a ciki kwana da kwanaki tana iya shanye batir. Idan daga nesa za ka saya, kuɗin su tsaya a cikin shafin da ke da tsarin mayar da kaya, komai ragin da aka yi maka alkawari a waje.