Glock 19 a Amurka: Sabuwa Ko Ta Hannu?

Wanda ya shiga shagon bindiga a Texas yana neman ƙaramar bindiga (fistol) Glock 19 zai tarar da iri biyu: sabuwa a kwalinta, da ta hannu wadda ta fi araha. Asalin ƙirar ɗaya ne, wadda kamfanin Glock na ƙasar Ostiriya ya fitar a 1988, tana cin harsashi 15 masu kaurin milimita 9 (9mm). Dokar ma ɗaya ce: in a wurin dillali mai lasisi za ka saya, sai ka kai shekara 21, ka cike fom 4473 (takardar gwamnatin tarayya ta sayen bindiga), a binciki tarihinka.

Sabuwa hankalinka kwance, babu wanda ya taɓa cikinta.

Ta hannu ce ke buƙatar ido. Da yawa daga cikinsu na 'yan sanda ne da aka sauya musu. Za ka ga fentin ya goge saboda shiga da fita a kube, amma sau da yawa an fi ɗaukarta a ƙugu fiye da harbawa. Ni irin wannan na fi yarda da ita. Wadda nake tsoro ita ce wadda wani ya yi wa gyaran kunama a gida, don tana iya tashi ba a shirya ba. A leƙa cikin bututu, a sauya sifirin, a tabbatar ba a kankare lambarta ba, domin mallakar mai kankararriyar lamba laifi ne.

Kuɗin da ka rage, ka sayi akwatin ajiya mai makulli, musamman in akwai yara a gida.