Katakon gefen teburin sinuka: banish ko lakar feshi?

Malam, tsakanin biyun da ka tambaya, wato banish da lakar feshi (ruwan sheƙin katako da ake fesawa), sayi banish ɗin poliyuretan mai mai. Gefen tebur wuri ne da hannu mai gumi ke sauka dare da rana, ga wanda zai ɗora kwalbar lemo mai sanyi, ga gindin sanda yana buga shi. Banish ne ke jure wannan. In ya bushe sosai, tsumma mai ɗan laima kawai za ka bi shi da shi, ya dawo yana sheƙi.

Kwance katakon gefen guda shida, yawanci notuna ne ke riƙe kowanne. Rubuta musu lamba kafin ka cire, don in suka canja wuri bakin ramuka ba zai zauna daidai ba. Rufe robar da ƙwallo ke duka da ƙyallen da ke kanta da tef, domin tina (ruwan sirka fenti) na cin roba, ƙwallo kuma ta daina dawowa da kyau. Goge da sanfefa mai lamba 120, sannan 180, ka ƙare da 220, kana bin tsawon katakon. Amma fara dubawa: teburan da ake haɗawa a nan da yawa falawud ne ko MDF (allon matsattsen garin katako) mai siririn rufi, in ka matsa hannu sai ka huda shi.

Shafi uku ya isa. Na farko a sirka shi da kashi ɗaya cikin goma na tinar da aka rubuta a gwangwanin. A bar awa 24 tsakani, a bi da sanfefa mai lamba 320 sama-sama. Matsalar banish ɗaya jinkirin bushewa, ƙurar hunturun Kano kuwa ba ta jira. Yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, ka bar taga ɗaya kawai ta shaƙar iska. Kar a buga wasa sai bayan mako guda.

Lakar feshi dai tana bushewa cikin rabin awa, shi ke nan abin yabonta. Da damina takan yi fari-fari, kuma in ka fesa ta kan tsohon banish sai ya yamutse.

In ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa sayen banish, duba murfin gwangwani. Wasu na buɗewa su ƙara kananzir su mayar. Ɗiga kaɗan a kan gilashi: in gobe yana danƙo, mayar musu da abinsu.