Sanholo da tagulla: wanne ya fi jure ƙarin wuta?

Malam, na ga tambayarka daga Marwa. Ka ce yaronka ya nace a ƙara zuga wuta don ƙarfe ya tsinke ya cika mazubi, kai kuma kana ganin tukwanen sanholo suna fitowa da ƙananan huji, kana son sanin ko haka abin yake ga tagulla. Yaron bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya faɗa.

Ƙarfe idan yana daskare, ƙwayoyin zarrarsa a jere suke kamar sahun sallar Idi. Da ya narke sai sahun ya rushe, amma ba gaba ɗaya ba. Kamar yanzu aka yi sallama ne: kowa na motsi, amma yana manne da na kusa da shi, kowace ƙwaya da maƙwabta kusan 11. Kana ƙara wuta, cunkoson na sassautawa, kaurin na raguwa, ruwan na ƙara gudu. A nan sanholo da tagulla duk kanwar ja ce. Inda suka raba gari shi ne irin ɓarnar da zafin ke yi wa kowanne.

Sanholo zalla yana narkewa a digiri 660 na Salsiyas. Idan an gauraya shi da silikon (wani sinadari da ake samu daga yashi) kusan kashi 12 cikin 100, irin na tsohon fistan mota, narkewar na saukowa wajen 577, kuma ya fi bin lungunan mazubi. Shi ya sa fistan ya fi gwangwanin lemo daɗin zubi, gwangwani kuwa datti mai yawa yake tarawa a sama. Digiri 700 zuwa 750 ya isa a zuba. Abin da ya haura haka, ruwan sanholon sai ya dinga shan iskar haidirojin daga damshin gawayi, jiƙaƙƙen tarkace da iskar gari. Narkakke yana riƙe wannan iska kusan ninki 20 na abin da daskararre zai iya, don haka yana fara sanyi sai ya amayar da ita, ta rasa hanyar fita. Goga gindin tukunyar da magagari, za ka ga hujin kamar tsinin allura. Duba kuma ko ba a watan Agusta suka fi yawa ba, da hunturu su ragu. Ga shi idan a tukunyar baƙin ƙarfe kake narki, zafin na sa sanholon ya riƙa cin jikinta, zubin ya fito da gautsi.

Tagulla kuwa gamin jan ƙarfe ce da tutiya. Jan ƙarfe sai ya kai 1085 yake narkewa, tutiya kuma tana tafasa a 907. Tagulla mai tutiya kashi 40 tana narkewa wajen 900, ka ga tun daga farko tutiyar a bakin ƙofa take. Ƙara wuta kaɗan sai farin hayaƙi ya turnuƙe, harshen wutar ya koma shuɗi-shuɗi, kowane minti gamin na canzawa, launin na karkata zuwa ja. Wanda ya shaƙi hayaƙin nan da yawa, da dare zazzaɓi da rawar sanyi za su rufe shi, ka hana yaran tsayawa a kansa. Amma wannan tururin tutiyar yana korar haidirojin, shi ya sa huji bai cika damun irin wannan tagullar ba.

A ganina sanholo ya fi mugunta. Tagulla idan ta ji wuta tana faɗa maka da hayaƙi. Shi kuwa a ranar Marwa da tsaka fari fat yake, ko yana 700 ko ya haura 800, sai mai abinci ta dawo maka da tukunya tana yoyo. Idan bakin tukunyarka ba ya cika, ka ɗumama ludayin zubi, ka faɗaɗa mashigar, ka ƙara fistan a tarkacen, ka shanya gawayin kafin a hura.