Ofishin jigilar da ke kai mini kaya tsakanin Maraɗi da Kano

Ƴan uwana ƴan kasuwa suna yawan tambayata wa ke kai mini aya kasuwar Dawanau da ke Kano, ya kuma ɗauko mini kayan roba da takalma daga Kano. Wani ƙaramin ofishin jigila ne a nan cikin gari, ɗaki guda da magaza a bayansa, sikeli a bakin ƙofa. Motocinsu ta Ɗan Isa suke bi, su faɗa Jibiya, su wuce Katsina zuwa Kano. Na daɗe ina hulɗa da su, kuma ina ganin mai ƙaramin jari zai amfana da su, in har ya san inda suke da rauni.

Abin da ya riƙe ni a wurinsu shi ne gaskiya. Kafin a ɗora buhu ko ɗaya, Alhajin da ke da wurin zai ɗaga waya ya kira yaronsa da ke zaune a bakin iyaka, a gabanka, ya tambayi yadda aka kwana da ƴan duwan, wato jami'an kwastam. In hanya ba ta da kyau zai ce maka, "Alhaji, bar kayanka a magaza, kada mu je mu jibge su a rana." Wanda bai taɓa ganin kayansa sun yi makonni a kan mota ba, ba zai san darajar wannan magana ba.

Mu mutanen Maraɗi mun gani. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020. Muna cikin farfaɗowa aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake datse hanya, Najeriya ta yanke mana wutar lantarki. Motocin albasa suka yi layi, kaya suna ruɓewa a kan idon masu su. A lokacin direbobi da yawa sun koma bin daji da dare, suna ninka kuɗi. Wannan ofishi ya ƙi. Ya kira mu ɗaya bayan ɗaya ya ce kowa ya zo ya ƙirga buhunansa, wanda ke so ya bar su ajiya ba tare da ko dala ba. Sai da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris, sannan motarsu ta motsa. Buhunana cif na same su, ɗinkin bakinsu yadda na bar shi, alamar da na yi da jan fenti tana nan.

Takardu ma sun iya. Da gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa da masara a Oktoban 2024, in ba zuwa Mali da Burkina Faso ba, sai suka fara zura ƙarfe a kowane buhu kafin su karɓa, don kada wani ya ɓoye gero a cikin kaya ya ja wa mota duka kamu. Wasu sun ji haushi. Ni na ga daidai ne, domin kayana ma suna cikin motar.

Inda nake kuka da su biyu ne. Ba sa tashi sai mota ta cika maƙil, sai a ce maka gobe, goben ta zama jibi, ta zama gata, alhali farashi a Dawanau ba ya jiran kowa. Na biyu ya fi ciwo: in sun ɗauko maka kaya daga Kano, da naira suke lissafi, amma canjin ranar da kaya suka iso suke bi, ba na ranar lodi ba. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a 2023 take hawa da sauka, sefa kuwa a ɗaure take da kuɗin Turai. Bambancin ƴan kwanaki yana iya cinye ribar mai ɗan jari. Na yi wa Alhaji magana, ya ce shi ma da naira yake sayen mai. Na fahimta, amma bai kamata nauyin ya faɗa kanmu mu kaɗai ba.

Yanzu Nijar ta fice daga CEDEAO tun 29 ga Janairun 2025, muna cikin ƙawancen ƙasashen Sahel na AES tare da Mali da Burkina Faso, a gefe guda kuma ana shimfiɗa layin dogo na kilomita 284 daga Kano zuwa nan Maraɗi. Ina matuƙar son ganin jirgin nan ya iso, kuma ina roƙon shugabannin ƙasashen biyu su bar hanyar nan a buɗe ko sun saɓa, don Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne. Kafin nan dai mota ce abin dogaronmu.

Wanda zai ba su kaya ya sa a rubuta masa canjin da aka yi ittifaƙi a kai a jikin rasit tun ranar lodi, ya karɓi lambar direba. Kayan gwari kuma, irin su tumatir da tattasai, a nemi wata mota, don jiran cikar tasu zai lalata su.